Ranar Da Na Zama Ruwa A Filin Langa

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na shiga langa da tumbina a gaban makaranta guda ba. Na sha gwada mantawar, abin ya ƙi. Wani lokaci ina tsakiyar cin abinci zai faɗo mini a rai, sai in tsame hannu in yi ta kallon bango.

Ni mutumin Anka ne, aiki ya kai ni Gummi, inda nake koyar da lissafi a wata sakandaren jeka-ka-dawo. A lokacin ni ne ƙarami a cikin malamai, ban yi aure ba, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya. Kuma ina da wata cuta da ba a kai mutum asibiti saboda ita: ba na iya jin ana zancen wani abu in ce ban iya ba. In aka yi maganar noma, na yi. In aka yi maganar gyaran babur, ai ni ne. In aka taɓo kamun kifi, sai ka ji na kawo labarin wata ƙatuwar tarwaɗa da ban taɓa gani da idona ba. (Ba ƙarya nake niyya ba, Allah ya sani. Bakin ne yake riga ni.)

A shekarar ne iyalai da yawa daga ƙauyukan wajen Zugu suka kwaso 'ya'yansu suka dawo cikin gari saboda fitinar 'yan bindiga. Wasu suka sauka wurin dangi, wasu suka raɓa a kangwaye. Shugaban makarantarmu, dattijo mai tausayi da ƙarancin magana, ya ce duk yaron da aka kawo a karɓe shi, ko yana da kayan makaranta ko ba shi da su. Aka karɓe su kuwa. Sai dai karɓar ta tsaya a ofis. A cikin aji, sababbin yaran suna can bencin baya a cunkushe. In aka tashi tara, 'yan gari su taru wajen masu sayar da awara, su kuma su tafi can jikin katanga ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro su zauna. Ba wanda ya ce su je can, kuma ba wanda ya ce su taho nan. Ba a ma kiran su da sunayensu, sai dai "'yan hijira".

Babbansu wani yaro ne mai suna Lawali, dogo, mai faɗin ƙirji, ya ɗan girme wa 'yan ajinsa saboda karatun da ya rasa lokacin da aka rufe makarantar garinsu. Yaron yana da kan lissafi, na gani a takardunsa. Amma ba ya magana. A makonsa na farko na yi tambaya ya ɗaga hannu ya ba da amsa daidai, da harshen ƙauyensu mai nauyi. Kafin in ce madalla, wani yaro ɗan gari mai suna Nasiru, sarkin tsokanar ajin, ya maimaita maganar da irin muryarsa, aji ya kwashe da dariya. Na hukunta Nasiru, amma daga ranar Lawali ya rufe bakinsa. (Abin haushin, shi kansa Nasirun in ya koma gida "mi kac ce" yake cewa kamar kowa. A makaranta ne kawai yake ɗauko Hausar rediyo ya sa kamar hula.)

Da abin ya dame mu, ni na fara kawo shawara, kamar yadda kuka riga kuka zata. Na ce a bar mini, jawabi ɗaya zan yi. Na tsaya a taron safe na yi musu bayani a kan haɗin kai da zumunci, na kawo misalin tsintsiya, na kawo na yatsun hannu, har na zuba Turanci a ciki don abin ya yi nauyi. Rana ta ɗaga, wata yarinya ta fara gyangyaɗi a tsaye. Da na gama aka tafa mini sosai, na ji daɗi, sai daga baya na gane murnar gamawar ce. Da aka tashi tara, masu awara suka nufi awara, masu dogon yaro suka nufi dogon yaro.

Malama Hadiza ce ta kawo abin da ya fi. Ita ke koyar da Hausa, ta kusa haifata, kuma ba ta taɓa kira na da wani suna ba sai "ɗan Anka". A taron malamai ta ce, "Yaran ga ba wa'azi suka rasa ba. Tun da sunka zo, kullum su aka koya ma abu. Ba wanda ya taɓa tambayar su mi sunka iya." Ta ce a ware yammacin kowace Laraba, a raba ɗalibai rukuni-rukuni a cakuɗe, ɗan gari da ɗan ƙauye da 'ya'yan baƙin da suka zo aikin zinariya, kowane mako wasu su koya wa saura wani abu na garinsu, wasa ne, waƙa ce, girki ne, ko saƙa. Malamai kuma su zauna a koya musu kamar kowa.

Sannan ta faɗi abin da ya fi damunta. Lawali ya gaya mata cewa in aka yi hutu ba zai dawo ba, kawunsa zai tafi da shi ramin haƙar zinariya. "In ya tafi," in ji ta, "sauran duk bin shi za su yi, don shi suka kallo." Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da ramin nan yake yi wa yara. Shugaba ya amince nan take, ya ce ita ta riƙe 'yan mata, ni in riƙe maza, tunda ni ne mai sauran ƙarfi.

Ɓangaren 'yan mata ya kama da wuri. Ana fara gaɗa, aka rasa gane wace ce 'yar gari wace ce baƙuwa. Ɓangarena kuwa kamar zaman makoki. 'Yan gari su ce ƙwallo, 'yan ƙauye su harɗe hannu su tsaya. Ina ta lallashi, "Ku kawo wasan garinku mana," ba mai tankawa. Ran nan dai wani ƙaramin yaro cikin 'yan ƙauyen ya ce a hankali, "Langa." Na ga Lawali ya ɗago kai, karo na farko a cikin makonni.

Da ni mai hankali ne, da na ce madalla, ku koya mana. Amma bakin ya riga ni. Na ji kaina ina cewa, "Langa? Ai kun zo gidanta. Lokacin da muke yara a Anka, in na zama ruwa, ba a taɓa kayar da ni ba. Unguwa-unguwa ake zuwa aro na."

(Gaskiyar magana ita ce, a unguwarmu ni ne mai tsaron takalma da riguna. Na taɓa shiga langa, ba na musu, amma yawanci kafin abokan gaba su iso ni na riga na faɗi da kaina.)

Nasiru ya yi murmushin mugunta ya ce, "To Malam, sai mu gani a fili." Ina shirin in ce ai shekaru sun ja, gwiwa ba kamar da ba, sai na ji wata murya mai kauri daga baya.

"Malam, in ka zamo ruwa, ni ka tsaronka."

Lawali ne. Duk yaran suka juya suna kallon sa, domin wasunsu ba su taɓa jin muryarsa ba tun ranar da aka yi masa dariya. Yaron da muka yi makonni muna nema ya yi magana, ya yi, kuma abin da ya nema shi ne in cika bakin da na yi. Ta ina zan janye? Na ce, "An gama."

Kafin washegari labari ya gama makaranta. Shugaba ya ji, ya ce ai wannan abin farin ciki ne, a ajiye shi sai Larabar ƙarshe kafin hutu, a gayyato iyaye su gani. Malama Hadiza ta tare ni a ƙofar ofis ta ce, "Ɗan Anka, kawun yaron nan ya so tafiya da shi tun makon ga, yaron ya ce a jira shi sai an yi langa. Saboda haka kada ka kuskura ka yi zazzaɓi ranar. Ko ka yi, da shi za ka shiga." Na ce haba Malama, ni da na saba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗan tsaya a kan tumbin, ta wuce.

Na fara atisaye a ɓoye. In na dawo daga sallar La'asar sai in rufe ɗaki, in lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya in riƙe da hannu, in yi ta tsalle daga katifa zuwa ƙofa. Na kifar da bokiti, na fasa kofin shayi, na bugi ƙusar da nake rataye hula. Maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko na sayi turmi ne. Na ce motsa jiki nake yi, likita ya ce. Duk da haka na ɗan samu ci gaba, har na fara tunanin wataƙila da gaske ina da baiwar, tsaron takalma ne ya danne ta.

Wajen raba 'yan wasa, Malama Hadiza ta sa hannu, ta haɗa Lawali da Nasiru a ɓangare ɗaya, su ne dawakina, wato masu kare ni daga abokan gaba har in kai wurin sha, tunda ruwa shi ake farauta a kayar. A wurin gwaji ba sa ko kallon juna. Lawali ya nuna abu da hannu, Nasiru ya yi kamar bai gani ba. Ni kuma kullum ina da uzurin da zai hana ni shiga gwajin. Na ce musu gwani ba ya nuna salonsa kafin ranar.

Ranar ta zo da matsalarta tun da safe. Mai wankina bai kawo kaya ba. Wandon wasannin da na saya tun ina ɗalibi ya ƙi wuce cinya. Dole na ɗauko wani tsohon wandon yadi mai faɗi, mai tazuge, na ce ai ma ya fi sakewa. Na lura tazugen ya ɗan sile a tsakiya, na ce ba komai, yau ɗaya dai. Sai maganar na ciki. Duk gajerun wandunana suna wurin mai wanki, saura guda ɗaya a ƙasan akwati, wanda Inna ta sa aka ɗinka mini da ragowar atamfar bikin ƙanwata. Jar atamfa ce, da zanen manyan kaji ruwan ɗorawa, kowace ta buɗe baki. Tun da ta ba ni ban taɓa sawa ba. Na juya shi a hannu na ce, wa zai gani?

Da yamma fili ya cika. Iyaye 'yan gari suna kan benci, iyayen da suka zo daga ƙauye suka shimfiɗa tabarmi can gefe, kamar dai yadda 'ya'yansu suke yi. Na hango mahaifin Lawali, wani siririn dattijo da farin gemu, da kawun yaron zaune a kan babur bai ko sauko ba. 'Yan mata suka fara da gaɗa, sannan suka kawo girkin da suka koya wa juna, hoce da ƙuli, da ɗanwake, da fura mai sanyi. Aka ce malamai su ɗanɗana su faɗi wanda ya fi. Ni da zan shiga fili, ya kamata in ɗan taɓa in bari. Amma kowane rukuni ya miƙo kwano sai in ga rashin adalci ne in ci na wasu in bar na wasu, a ranar da ake koyar da daidaito. Na yi adalci sosai. Da na miƙe, sai da na ƙara ɗaure tazugen da ƙarfi don ya samu wurin zama.

Aka kifa turmi a ƙarshen fili, shi ne wurin sha. Malamin wasanni ya busa usur. Na lanƙwasa ƙafar dama na riƙe da hannun hagu, na yi bisimilla, na fara tsalle.

Abin mamaki, ban faɗi ba. Lawali yana damana, Nasiru yana haguna. Wani ƙaton yaro ya taho kaina gadan-gadan, Lawali ya sa masa kafaɗa sau ɗaya, sai ga shi a ƙasa. Wani ya zagayo ta baya, Lawali ya ce, "Nasiru, bayanka," Nasiru ya juya ya tare shi. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar yadda yaron nan yake langa ba. Ƙafa ɗaya, amma kamar an dasa shi. Ni dai nawa tsalle ne da haki, furar nan tana kaɗawa a cikina kamar a gora. Muka ci rabin fili. Muka wuce. Yara suka fara kiran "Malam, Malam," har iyaye suna tafi. Turmi ya matso, ina ganin tsagar da ke jikinsa.

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa gwanin Anka ba ya isa wurin sha haka kawai kamar kowa. Na ɗaga hannuna na dama sama ina gaida jama'a, na tattara ƙarfi na yi wani dogon tsalle na burgewa.

Ina dira na ji ɗas a ƙuguna.

Ba ƙara ce mai yawa ba, ni kaɗai na ji ta. Sai wata iska mai sanyi da ta biyo baya. Wandon ya sauka a hankali, cikin natsuwa, kamar ana sauke tuta. Ɓangare ɗaya ya tattaru a idon sawun ƙafar da nake tsaye a kanta, ɗaya ya maƙale a gwiwar da na lanƙwasa. Hannuna ɗaya yana riƙe da ƙafa, ɗaya yana sama yana gaisuwa. A tsakiya kuwa, ga kajin Inna, ja da ruwan ɗorawa, suna kallon shugaban makaranta, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da matan gari da na ƙauye, da duk ɗalibin da na taɓa yi wa faɗa a kan rashin kintsi.

Fili ya yi tsit. Ban san me ya hana ni sakin ƙafar in ja wandona ba. Ina jin kaina ne ya ɗauke, abu ɗaya kawai ya rage a ciki, wai in ruwa ya saki ƙafa an cinye shi. Na tsaya ƙiƙam a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Cikin wannan shirun ne wata 'yar ƙaramar yarinya a kan tabarma ta ce da muryar da ta isa ko'ina, "Inna, dibi kaji."

Wallahi ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Mata suka ja mayafi suka rufe fuska, kafaɗu suna rawa. Wani dattijo ya zame daga kan benci. Shugaba ya ɗaga kai yana nazarin sararin sama kamar mai neman wata. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai na ji Lawali ya ɗaga murya. "Ku kewaye Malam. Kowa da kowa." Nasiru ya juya wajen abokan gaba ya ce, "Ba ku ji ba? Ku taho." Suka taho kuwa, namu da nasu, 'yan gari da 'yan ƙauye, har waɗanda aka riga aka kayar. Wasu don ruɗewa ba su ma saki ƙafafunsu ba, da tsalle suka iso. Suka yi mini zobe, suka juya mini baya, kafaɗa da kafaɗa, ba ko kafar da ido zai shiga. Ina jin bayansu yana girgiza saboda dariyar da suke dannewa, amma ba wanda ya waiwayo.

Na ce, "Alhamdu lillahi, bari in gyara." Nasiru, wanda yake cikin zoben tare da Lawali, ya matso kunnena. Hausar rediyo ta gudu, ya koma ɗan Gummi sak. "Malam, kak ka saki ƙahwa. Mun kusa."

Na ce, "Kai, wane irin mun kusa? Ba ka ga halin da nake ciki ba?"

Lawali ya ce, "Taki kaɗan ya rage, Malam. Nasiru, kai saki taka ka riƙe mai wandon, ni in buɗe hanya."

Nasiru bai yi musu ba. Ya saki ƙafarsa, wato ya yarda an fitar da shi daga wasa, ya durƙusa ya jawo wandon sama ya damƙe shi ta baya kamar mai riƙe da akuya a kasuwa. Lawali ya ce wa zoben, "Mu tahi." Haka muka tafi, ni ina tsalle, Nasiru yana biye da ni riƙe da ƙuguna, yara sun kewaye mu suna matsawa a hankali kamar masu rakiyar amarya. 'Yan kallo ba sa ganin komai sai kaina yana bulluƙowa yana nutsewa. Da na taɓa turmin, Lawali ya ɗaga hannu ya ce, "Ruwa ya sha." Abokan gaban da suka raka ni har wurin suka fara tafi, sai can suka tuna cewa su aka ci.

Malama Hadiza ta karɓi usur daga wuyan malamin wasanni, ta cire igiyar ta miƙo cikin zoben ba tare da ta kalle ni ba. Da ita na ɗaure wandona. Ban tsaya rabon kyauta ba, na bi ta bayan azuzuwa na shige ofishin malamai, na zauna na kifa kai a kan tebur. A raina na riga na fara tsara yadda zan nemi canjin wurin aiki, ko Bukkuyum, ko ma wani gari da ba a kiwon kaji.

Ban daɗe ba ta shigo. Ta ce, "Ɗan Anka, tashi ka leƙa taga." Na ce Malama ki bar ni da abin da ya dame ni. Ta ce, "Tashi dai."

Na leƙa. Yaran duk suna wuri ɗaya a tsakiyar fili, ana ta musu. Wasu na cewa cin bai halatta ba tunda an riƙe ruwa, wasu na cewa ai wandon aka riƙe ba ruwan ba. Lawali yana tsakiya yana kwaikwayon tsallena, hannu a sama, Nasiru yana bayansa riƙe da rigarsa, su biyun suna dariya har suna faɗuwa kan juna. Can gefe kuma matan benci sun sauko kan tabarmi, ana ta tafa hannu ana share hawaye. Wata ma tana nuna wa wata girman kajin da hannu. (Ta ƙara musu girma, ba su kai haka ba.)

Muna nan tsaye aka yi sallama. Mahaifin Lawali ne. Na rasa inda zan sa fuskata, na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna da hannu biyu, yana ƙoƙarin haɗe fuska, gemunsa yana rawa. Ya ce, "Malam, Allah shi yi maka albarka. Tun da munka baro gida ban ga haƙoran yaron ga ba sai yau." Sannan ya ce, "Kawunai ya tahi. Yaron ya ce ba shi zuwa, wai an ce za a sake wasan bayan hutu, kuma in ba shi nan za a cinye su." Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Amma Malam, a riƙa duba tazuge."

Ba zan ce komai ya gyaru a yini ɗaya ba. Akwai yaran da suka tafi ramin duk da haka, kuma har yau ina tuna su. An ci gaba da faɗa da tsokana kamar kowace makaranta. Amma bayan hutu Lawali ya dawo, yawancin 'yan uwansa suka dawo, bencin baya ya watse, kuma kalmar "'yan hijira" ta mutu ba tare da an kafa mata doka ba. Yammacin Laraba ya zauna daram. Shugaba dai ya kira ni gefe ya ce daga yanzu ni ne alƙalin wasa, kuma alƙali a zaune yake aiki.

Labarin ya riga ni isa Anka. Da na je hutu, ina shiga gida Inna ta dube ni ta ce, "An ce kajina sun yi kallon makaranta." Na ce Inna ki bari don Allah, kin ja mini abin kunya. Ta ce, "Ni? Na waje da ka saya da kanka shi ya ci amanarka. Nawa ko motsi bai yi ba."

A zangon da ya biyo baya aka kawo mana wasu sababbin yara. Akwai wani ƙarami a cikinsu da ya zauna a lungu, ba ya kallon kowa, ba ya amsa gaisuwa. Na fara shirin yadda zan ja shi a jiki. Bayan 'yan kwanaki na haɗu da shi a baranda tare da Lawali da Nasiru. Ya rusuna ya ce, "Malam, ina kwana." Sai na ga idonsa ya sauka kan ƙuguna, ya yi sauri ya ɗauke, ya cije leɓe. Su biyun kuma suka kama kallon rufin kwano. Nan na gane an ba shi labari, kuma duk wanda aka ba labarin nan ya zama ɗan gida.

Abin da na koya shi ne, yara ba sa zama 'yan uwa don an tara su a rana an ce su zama. Suna zama ne ranar da suka samu abin da za su rufa wa asiri tare, sannan su koma gefe su yi dariyarsa tare. In kuma ya zama dole malami ne zai zama abin, to ni dai na ba da gudummawata. Wannan zangon ina ta lallaɓa sabon malamin Turanci, wanda na ji yana gaya wa yara cewa a garinsu ba a taɓa kai bayansa ƙasa a kokawa ba.